Zoɓon da Na Zubar a Littafin Mahaifiyarta

Lokacin da abin ya faru ina aji ɗaya na babbar sakandare, a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a nan Bauchi. Ni irin yarinyar nan ce da malami zai shekara yana shiga ajinsu bai san muryarta ba. Gidanmu a Ƙofar Wambai yake, mahaifina yana ba da karatu a zaure bayan la'asar, kuma a kan kunya aka tashe mu. Bakina ba ya aiki, amma idona ba ya hutawa. Na san wadda ta ɗinke safarta da zaren da bai dace ba, na san wadda ta zo makaranta ba ta karya ba.

Ƙawata ɗaya ce tal, wadda muke zama benci ɗaya. Kirista ce, iyayenta 'yan kudancin jihar nan ne, suna zaune a Gwallameji. Mahaifiyarta ta rasu shekara guda kafin nan, kuma tun daga lokacin take zuwa da Littafi Mai Tsarki na marigayiyar, na Hausa, mai baƙin bango da ya goge a gefe, naɗe cikin wani tsohon kallabi. Ni ma Alƙur'anina kullum yana jakata, domin daga makaranta Islamiyya nake wucewa. Ban taɓa gaya mata ladubbansa ba, da kanta ta lura. Ba ta taɓa sauke jakata ƙasa ba, ba ta ɗora komai a kanta. Ranar da ruwan sama ya tare mu a bakin titi muna jiran keke, rigar sanyinta ta cire ta lulluɓe jakar, ita ta jiƙe sharkaf.

Abin ya samo asali ne daga wayar yayata. Na faɗa kallon bidiyon muƙabala, inda masu wa'azi ke ja-in-ja a kan wane littafi ne saukakke daga Allah, wane ne rubutun mutane. Na haddace hujjojin kamar karatun jarrabawa. A karon farko na ji ina da maganar da za ta sa a juyo a kalle ni, kuma gaskiya abin da ya ja ni ke nan, ba kishin addini ba, ko da yake haka na yi ta gaya wa kaina.

Wata Laraba, lokacin hutun tara, muka sayo awara da zoɓo a gora muka dawo aji. Ta warware kallabin ta buɗe littafin tana duba abin da za a tambaye su a darasin addininsu. Sai na tambaye ta wa ya rubuta shi. Ta yi dariya, ta kira ni 'yar malam kamar yadda ta saba, ta ce mutane ne suka rubuta, amma su sun yi imani Allah ne ya bishe su. Na ɗaga murya na ce to ai ta faɗa da bakinta, ga sunayen mutane nan a saman shafuka, wasu ma wasiƙu ne, namu kuwa saukar da shi aka yi. 'Yan aji suka fara taruwa. Wata daga bayan aji ta ce kai, yau kurma ta yi magana, ashe shiru-shiru ma shehiya ce. Maganar ta yi mini daɗi har cikin ƙashi. Don in nuna da gaske nake, sai na ɗauki gorar zoɓona, ba murfi, na dasa ta a tsakiyar buɗaɗɗen littafin, na ce littafin mutum daidai yake da na lissafi, ana iya ɗora masa komai. Cikin turereniya wata ta bugi bencin, gorar ta kife.

Takardun sirara ne, nan take suka shanye jan. Na ga rubutun biro da mahaifiyarta ta yi a gefen shafi yana narkewa, shuɗi yana gauraya da ja. Wata Kirista ta miƙe, ta ce wa ƙawata ga jakar 'yar malam nan kusa da hannunta, ta rama. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san inda irin wannan kan kai mutane. Ƙawata ta kai hannu kan jakata, na rufe ido. Da na buɗe, sai na ga ta ɗaga ta ne sama, domin zoɓon yana gangarowa wajenta. Ta ɗora mini ita a cinya, sannan ta koma tana goge nata littafin da kallabin.

Ranar ban iya cin tuwo ba. Da na gaya wa Baba, sai ya zaunar da ni a kan tabarma. Ya ce shi bai taɓa shakkar cewa Alƙur'ani zancen Allah ne ba, kuma wannan yaƙinin bai taɓa buƙatar ya taka kayan marainiya ba. Ya tuna mini cewa littafin da nake tinƙaho da shi ne ya hana mu zagin abin da wasu ke girmamawa. Ya tambaye ni ko a bidiyon an koya mini hakan.

Ranar Asabar yayata ta raka ni Gwallameji. Na durƙusa na ba da haƙuri, na ce Baba ya ce zai sayo sabo. Mahaifinta ya kira ni 'yata, ya ce in tashi, ya gode, sabo kam akwai shi a shago, sai dai ba ya zuwa da rubutun hannun matarsa. Ƙawata ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Amma ranar Litinin ta koma bencin gaba. Yanzu muna aji uku, muna gaisawa lafiya lau, sai dai ta daina kirana 'yar malam, ta kuma daina zuwa da littafin.

Imanina yana nan inda yake, nata ma haka. Tambayar da na jefa mata malamai sun daɗe suna tattauna ta da ilimi da ladabi, ni kuwa guntun bidiyo na ɗauko na mai da shi sanda. 'Yan uwana ɗalibai, in kun ji hujja ta yi muku daɗi a baki, ku tsaya ku duba ko gaskiya kuke nema ko tafi. Har yau in na ɗauki Alƙur'anina nakan duba bangonsa, fes yake, ko ɗigo babu, kuma na san hannun wa ya tsare shi.