Ganyen Malam Sabi'u a Firizata

Kun san Malam Sabi'u ba ya wuce bishiya bai tsinki ganye ba. Digiri na uku ya zo yi, a kan dangin bagaruwa. Ni tuwo nake sayarwa a unguwar Cheras, nan Malesiya, ban yi boko ba, bizata ma ta daɗe da mutuwa. Ko jiniya na ji, sai in nemi maɓoya.

Ranar farko da ya ci tuwona ya ce, "Ɗanlami, ka san gawo ba ɗan ɗakinsu bagaruwa ba ne?"

Na ce, "Tare na gan su a gonar babana."

"Maƙwabta ne. Bishiya ma tana da abin da ta gada, kamar jini, a ganye ake karantawa. Bishiyar akasiyar nan da ta cika Malesiya ma sunan boko kawai suka haɗa da bagaruwa. Kama da wane ba wane ba ne."

Na ce Allah ya kyauta, na ƙara masa miya.

Sai ya fara ajiya a firizata. Na buɗe rannan, na ga ƙananan ledoji, busasshen ganye da wani farin abu kamar gishiri. A ƙasar da ake rataye mutum kan ƙwaya!

"Malam, kashe ni za ka yi?"

"Farin abin, danshi yake sha. Ganyen kuwa farar ƙaya ce ta Gumel, gwaji zan yi mata. Ka bar taɓa ta da hannun nama."

Na ce ya kwashe. Ya yarda, amma sai na raka shi. Muna cikin tasi, jakar ledojin tana kan cinyata, 'yan sanda suka tare hanya. Ɗaya ya zuge jakar, ya ɗaga leda sama. Na ga yaƙi, na kwana a daji, amma ranar kalmar shahada ma ta ƙi fita daidai.

Malam kuwa murna ya yi, ya sami ɗalibi. Ya fito, ya zana reshe a ƙurar motar, ya jera: ga bagaruwa, ga dakwara, ga inda kakanninsu suka rabu. Ɗan sandan ya shinshina ledar, ya duba katin makarantar Malam. Motoci suna ta hon, Malam bai kai rabi ba.

Sai mutumin ya nuna ni. Malam ya fassara mini daga baya, wai cewa mutumin ya yi, "Wannan fa? Fasfo."

Malam ya ce, "Ƙanena ne. Tsaya, saura gawo."

Ɗan sandan ya dafe kai. "Boleh, boleh, shi ke nan. Ku tafi lah."

Muka isa unguwarsu, Taman Melati. Na ce, "Malam, yaushe ka gwada jinina?"

"Naka ba ya buƙatar gwaji."

Daga baya ciwon zuciya ya ɗauke shi bai kammala karatun ba. Da aka tambaya a asibiti wane ne nasa, ni na miƙe, ba takarda. Allah ya jiƙan Yaya Sabi'u, ya ba shi inuwa ranar da babu wata sai tasa.