Kunnen Inna Nagge

Wata ranar Alhamis ce a ƙarshen damunar 1997, bayan la'asar, ruwa ya ɗauke amma indararo bai daina ɗiga ba. Na shiga ɗakin Baba da kofin ruwan da ya ce in kawo masa, na tarar da shi zaune a tabarma ya tanƙwashe ƙafa, akwatinsa na ƙarfe ya zame masa tebur. A kan murfin akwai farar takarda mai kauri wadda ya raba gida uku da rula, a gida na ƙarshe kuma wata saniya ce tsaye tana tuƙa, ta karkato kai kamar mai sauraron gulma. Na ajiye kofin nesa da kwalbar tawada yadda ya koya mini, na tsaya ina kallo. Shekarata goma sha ɗaya, kuma ban cika magana ba, ko a aji sai an kira sunana sau biyu nake ɗaga kai. Amma akwai abin da ya tsaya mini a ido, na kasa haɗiye shi. Na ce, "Baba, kunnenta." Ya ɗago ya ce, "Mi ya samu kunnen, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na ce ai ba ta da shaida, ni kuwa ban taɓa ganin babbar saniya da lafiyayyen kunne ba. Ya daɗe yana duban zanen, sannan ya yi murmushi, ya tsoma alƙalami, ya yi wa kunnen hagu tsaga biyu daga ƙasa, ya datse bakinsa kaɗan. Hannunsa bai ko yi shawara ba. Shaidar da ya buɗe ido ya gani a kunnen shanun mahaifinsa ita ce ta fito.

A garin Tsafe an san mahaifina da Malam Haruna, malamin aji shida a wata makarantar firamare, mai keke da ɗan gemu, wanda yake zana taswira a allo ba ya duba littafi. Abin da ba a sani ba shi ne, shi ne Ɗan Kallo, mai zanen barkwancin da ke fitowa a shafin baya na wata jaridar Hausa ta mako-mako da ake bugawa a Kaduna. Tauraruwar zanen saniya ce mai suna Inna Nagge. Ba ta yin komai sai tsayuwa a gefe, tana kallon abin da ke faruwa a wani gari na ƙage da ya sa wa suna Tudun Alƙawari, sai a gida na uku ta faɗi magana guda ɗaya. Ina tuna wanda aka fi yi wa dariya. A gidan farko wani mai tumbi yana bisa mumbari yana rantsuwa takin zamani zai iso kafin shuka, a na biyu manoma suna yankan gero, a na uku sai ga motar taki ta kunno kai, Inna Nagge ta ce, "Sannu da zuwa. Mu dai namu bai taɓa makara ba."

Zamanin soja ne, kuma shi ma'aikacin gwamnati ne. Malamin da aka gano yana yi wa manya shaguɓe a jarida, ko an tausaya masa, aikinsa ya tafi. Aikin nan kuwa shi ne tuwonmu, mu shida da Inna mahaifiyarmu. Saboda haka Baba ya tsara komai a tsanake. Duk Asabar sai ya sa zanen a ambulan, ya soke a aljihun cikin riga, ya shiga mota zuwa Gusau da sunan sayen littattafai, can ya ba wani direban Kaduna. Motar kuma sai ta biyo hanya ta ratsa Tsafe ta wuce, kusan ta ƙofar makarantarsa. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai jira ta a tasharmu ba, ya ce a tashar Tsafe har yaran mota ɗalibansa ne. Ni ma ba gaya mini aka yi ba. Ɗabi'ata ce karanta duk takardar da na tsinta, har ta ƙunshin sabulu, sai wata rana na ga saniyar da na bari a kan akwatinsa ta fito a jarida. Da ya lura na gane, abin da ya ce kawai shi ne, "Abin da ido ya gani a ɗakin nan, baki bai gani ba." Bai sake maimaitawa ba, ni ma ban ba shi dalili ba.

Sanin kunnen saniya kuwa a Furfuri na same shi, garin kakanninmu a ƙasar Bunguɗu, inda ake kai mu duk dogon hutu. Can rayuwa ta bambanta da ta gidan hayarmu na Tsafe mai rijiya ɗaya da bishiyar darbejiya. Da sassafe mu share tsakar gida, mu kai wa masu noma fura a gona, mu dawo da ganyen yakuwa da rama a ƙwarya. Da yamma sauran yara mata su kafa carafke ko 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni kuwa in laɓe gindin rumbu da littafina har Kaka ta leƙo ta ce karatun nan zai cinye mini ido. Abin da yake fitar da ni da gudu shi ne in aka ce za a je ruga karɓo nono. Shanun gidanmu, 'yan kaɗan da Kakanmu ya bari, suna hannun Baffa Buba, wani dogon makiyayi mai yawan raha wanda mahaifinsa ma shi ya yi wa namu kiwo. Baffa Buba bai san baƙi ko ɗaya ba, amma garke a wurinsa littafi ne. Shi ya nuna mini cewa kowane gida da irin yankan da yake yi wa kunnen maraƙi, ya kama kunne ya ce wannan ta gidan wane ce, waccan gadon wance ce. Ya ce ko saniya ta ɓata ta kai wata ƙasa, kunnenta zai maido ta gida. Na zana shaidun duka a bayan littafin lissafina, ɗaya bayan ɗaya, don kada in manta.

Tun daga waccan Alhamis, Inna Nagge ta riƙa fitowa da tsagarta, mako bayan mako, babu wanda ya kula. Masu karanta jarida maganarta suke nema, ba kunnenta ba. Ni kuwa duk sanda na gani sai in ji wani daɗi a ɓoye, kamar ni ma na sa hannu a shafin.

Bayan an gama girbi, wata ranar kasuwar Tsafe, Baba ya tafi da ni a bayan keke don a gwada mini takalmin makaranta. Muna wucewa ta rumfar mai shayi kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi, sai muka ji ana ƙwala masa kira. Baffa Buba ne, ya kawo wani bijimi sayarwa, yana zaune a benci da ƙosai a tsohuwar jarida. A rumfar akwai malamai biyu abokan aikin Baba, da wani akawu, da dillalai. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Furfuri. Sai Baffa Buba ya karkaɗe takardar da mai ya jiƙe, ya ɗaga ta sama yana dariya har da buga sanda. Ya ce, "Malam, dama kai nika nema! Dubi wagga. Wallahi saniyar gidanku ta! Ga tsaga biyu, ga datsi, ni da hannuna nika yanka shi. Yaushe ta shiga takarda ban sani ba? Ko kiwon nata ka canza wa wuri?" Dillalai suka fashe da dariya. Ɗaya daga cikin malaman ya karɓi takardar, ya dubi zanen, ya dubi Baba, ya dubi tabon tawadar da ke yatsunsa. Akawun ma ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya gani. Baba ya ce shanu ai suna kama da juna. Baffa Buba ya ce, "Shanu na kama, Malam, kunne ba ya kama." Takalmin da ba mu saya ba ke nan ranar. A hanyar gida ina jin bayansa ya jiƙe da gumi, yana ta amsa sallamar mutane.

Kafin mako ya zagayo, zancen ya gama gari. Mutane suka fara gaishe shi da wani irin murmushi, wani mai gyaran keke ya ce masa a gaida Inna Nagge. Ranar Litinin hedimasta, dattijo mai sanyin hali, ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. Baba ya gaya wa Inna yadda suka yi, ina tsakar gida ina tsince shinkafa ina ji. Hedimastan ya ce masa shi ma shekara uku yana yanke zanen yana ajiyewa, kuma bai taɓa jin daɗin abu a jarida kamarsa ba, amma magana in ta fita kasuwa ba ta da linzami. In ta isa sama, ba shi da ikon tare ta. In kuwa saniyar ta daina fitowa yanzu, zai iya cewa surutun 'yan shayi ne. Inna ta ajiye muciya ta ce, "Malam, allo ke ciyar da gidan nan, ba saniyar takarda ba." Ya ce ya sani. Ta ce, "To in ka sani, mi ya rage?" Ya tashi ya shige ɗaki.

Washegari sai ga Baffa Buba a ƙofar gida, ya biyo mota tun daga Bunguɗu, babu raha ko kaɗan a fuskarsa. Wani ne ya fahimtar da shi abin da bakinsa ya jawo. Ya ƙi shiga zaure, ya tsuguna a waje, ya ce ya zo da shawara. Zai koma ya ƙara wa kowace saniyar gidanmu yanka ɗaya a kunne, ta yadda duk wanda ya zo dubawa ba zai sami mai irin ta takarda ba. Baba ya kama hannunsa ya ɗaga shi. Ya ce shaidar da mahaifinsa ya gada ba za a sake ta saboda tawada ba, kuma dabba ba ta yi laifin da za a zubar mata da jini ba. Ya sa aka dama masa fura, ya raka shi har tasha.

A wannan Asabar ɗin ya kai ambulan na ƙarshe Gusau. A zanen, garke ya kama hanya, Inna Nagge tana can baya ta waiwayo, gida na uku kuma babu magana a ciki. Ya dawo ya wanke alƙalumansa, ya naɗe su a tsumma, ya tura akwatin ƙarƙashin gado. Aikinsa ya tsira, babu wanda ya zo daga ko'ina. Amma la'asar ta zame masa doguwa. Sai ya zauna gindin darbejiya da rediyo, yatsansa yana yawo a ƙasa, in ya farga ya share da tafin hannu. Na yi kwanaki ina kewaye shi da magana a bakina. Ranar da na iya, ina miƙa masa buta na ce, "Baba, ni na ja." Ya dube ni sosai ya ce, "Ke gaskiya kika faɗa, ni na zana. Mai zane in ya ga abu daidai, ba ya iya mai da shi ba daidai ba. Da ba ki faɗa ba ma, da ya dame ni." Ya karɓi butar ya tafi alwala.

Da soja suka sauka a 1999, wasiƙa ta zo daga editan jaridar yana roƙon Ɗan Kallo ya dawo, wannan karon da sunansa na gaskiya in ya so. Baba ya jawo akwatin, ya sayo sabuwar tawada don tsohuwar ta bushe, ya raba takarda gida uku. Kwana uku yana zama a kanta. Gida biyu suka cika, na ukun ya ƙi. A ƙarshe ya rufe murfin ya ce wa Inna, "Yanzu kowa magana yake yi, wa zai saurari saniya?" Ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya, kuma ɗalibansa da yawa sun tashi ba su san ya taɓa yin wani abu ban da alli ba.

Yau yana zaune tare da mu a Gusau, hannunsa yana rawa ko cokali ya ɗauka. Jaridar ta daɗe da daina fitowa. Jikokinsa sukan kawo masa waya su nuna masa hotunan barkwanci, goma a cikin minti ɗaya, an yi wa wannan ba'a an zagi wancan, ya yi dariya don su ji daɗi, kafin magariba kowa ya manta. A da mutum yakan ɗauki mako guda yana auna magana ɗaya, ya ɗauke ta a ƙirjinsa zuwa wani gari, mutane kuma su riƙe ta shekaru. Baffa Buba ya rasu, 'ya'yansa sun tashi da garken zuwa nesa, hanyar rugar ma ba mai bin ta yanzu da kwanciyar hankali. Wani lokaci da la'asar nakan zauna kusa da Baba, ba ya magana, ni ma ba na yi. Shirun nan dai shi muka fi iyawa, ni da shi.