Godiyar Malachy Ta Ƙi Sirdi

A ƙauyenmu na Tipperary, a ƙasar Ireland, in mutum ya yi tari sai a ce ya sha shayi, in doki ya yi kuwa sai ka ga motoci uku a ƙofar barga. Maƙwabcina Malachy Tuohy ya fi kowa wannan hali. Ya haddace kakannin godiyarsa Biddy har bakwai, amma ranar haihuwar matarsa Philomena sai an tuna masa. Shekara ashirin ke nan da ya faɗo daga tarakta ya murɗe kwankwaso, tun daga nan yake tafiya a karkace. Philomena ta yi lallashi, ta yi faɗa ya je a duba shi, ya ce lafiyarsa lau, ƙasar ce ba ta daidaita ba.

Abin da yake rayuwa dominsa shi ne hawan washegarin Kirsimeti, ranar da duk mai doki ke fitowa a ratsa gonaki ana tsallake shinge. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa fashi ba. To, a watan Oktoba sai Biddy ta fara ƙin sirdi. Da ta hango shi sai ta kwantar da kunnuwa, wata Lahadi ma ta yi tutsu ta zubar da mai ita a taɓo.

Likitan dabbobi ya ce ƙafafu ƙalau, baya ne, a nemi mai tausar dawaki. A mashaya kowa da gwaninsa. An kawo wani tsoho da ya raɗa wa Biddy magana a kunne, ta cije shi. Malachy ya canja sirdi, ya sayo mata bargo mai ɗumama kansa, shi kuwa katifarsa tun ta aure. Daga ƙarshe ya samo lambar Orla Devane, wadda ake bin layinta sati shida, ya dinga kiranta safe da yamma har ta gaji ta zo.

Ina wurin. Ta bi gadon bayan godiyar da yatsu tana dannawa, Biddy ta saki numfashi, Malachy ya share ido a ɓoye. Sai ta ce ya hau ya zaga, ta tsaya a bayansa ta ɗauki hoto. Da ya sauko ta nuna masa: ga shi nan ya rinjaya hagu kamar buhun dankali.

"Mista Tuohy, ciwon nata kai ne," in ji ta. "In na gyara ta yau, ka hau gobe, ka ɓata. Ko a gyara ka, ko ka haƙura da hawa."

"To ki danna min mana, 'yar nan, tunda kin zo."

Ta ce takardunta na masu ƙafa huɗu ne. Ya dubi ciyawar da ke ƙasa, na ga yana auna yadda zai durƙusa. Ta ce kada ma ya fara.

Na yi dariya a ranar, amma ya ba ni tausayi. Kwana uku yana tafe a ƙasa yana jan Biddy da igiya, ba ya kula kowa. A na huɗu ya sa kwat ɗin coci ya ce Philomena ta kai shi gari wurin mai gyaran bayan mutane.

Ita ta ba ni sauran labarin. An miƙa masa takarda ya cika, a inda aka tambayi abin da ya kawo shi ya rubuta cewa bayan godiyarsa ke ciwo. Philomena ta karanta ta kafaɗarsa, sai da suka shiga mota ta juyo ta dube shi.

"Shekara ashirin ina roƙonka, Malachy. Ita sau ɗaya ta kwantar da kunne."

Sai da suka wuce coci sannan ya ce ai ita Philomena ba ta taɓa kayar da shi ba.