Mai Askin da Ya Ƙi Goge Bidiyon Rufi

Kawu Almakashi kowa ke ce masa, har matarsa in tana jin tsokana. Shagonsa rumfar kwano ce a bakin titi, kujera ɗaya da madubi mai tsaga wanda ke raba wa mutum fuska biyu kyauta. Shi aka damƙa wa zauren hirar unguwa na waya, don ya saba jin surutun jama'a tun kafin surutu ya koma cin data.

Zagin iyaye da hoton mara lafiya, nan take yake gogewa. Sauran kuwa ƙa'idarsa ɗaya ce: mai son a goge magana ya roƙa da muryarsa a zauren, kowa ya ji.

Wata rana ungozomar ƙaramin asibitin unguwa ta tura wa zauren bidiyon rufin asibitin yana yoyo a kan gadon haihuwa. Washegari sai ga wani jami'in hukuma ya zauna aski. Da aski ya kai rabi ya ce, "Kawu, bidiyon nan ya ɓata wa manya rai, a goge. Af, rumfar nan taka kamar ta shigo titi, ko?"

Kawu ya dakata da askin. Rumfar nan ce cinsa da shansa, ita ce makarantar yaransa. Ya ajiye injin, ya ɗauko waya.

"Ranka ya daɗe, an gama. Sai dai ƙa'ida." Ya danna wajen ɗaukar murya, ya kara masa wayar a baki. "Faɗa musu da kanka."

Jami'in ya dubi wayar, ya dubi madubi. Rabin kai fes, rabi daji, ina zai tashi ya je? Ya yi gyaran murya.

"Jama'a... mun ga bidiyo. Za a duba rufin."

An kuwa gyara rufin, don unguwa ta yi ta maimaita muryar nan kamar sabuwar waƙa. Rumfa ma ba a manta da ita ba, an zo an rushe gabanta. Kafin Kawu ya gama tsince kwanukan, kafinta da mai walda sun iso da kayan aiki, suka ja ta baya, suka ƙi karɓar ko ruwa.

Yanzu duk wanda matarsa ta sauka lafiya, ungozoma takan ce masa, "Wuce wajen Kawu a rage maka sumar nan, ka yi masa godiya."

Madubin dai har yau bai canza ba.