Murya Ɗaya a Bakin Rami

Aji huɗu na tsaya a boko, saboda haka kada kowa ya tambaye ni inda ƙasar Kuroshiya take. Abin da na sani, Turawa biyu 'yan can sun zo aikin bututun ruwa a Tukur-Tukur, ɗaya dogo ɗaya gajere, mu kuma muna haƙa musu rami.

In an tashi cin abincin rana sai su jingina da motar aiki, su haɗa kai kamar masu gulma. Gajeren ya ja murya ɗaya ya riƙe ta, ba hawa ba sauka. Dogon ya hau kanta yana karkaɗa maƙogwaro. Ba kalangu, ba garaya. Inda numfashi ya ƙare, nan waƙar ta ƙare.

Ranar farko dariya muka yi. Wani lebura ɗan Ƙofar Galadima ya ce, "Jama'a, a ba Bature ruwa, ƙashi ya maƙale masa!" Daga baya shi ne mai tsawata mana mu yi shiru. Wallahi na sha jin mawaƙa, amma ban taɓa jin abin da ya tayar mini da tsigar jiki haka ba.

Da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu, gajeren ya tafi. Dogon ya daina waƙa, abinci ma sai ya tura mana. Na ce, "Maigida, ka yi kai kaɗai mana."

Da gurguwar Hausarsa ya ce, "Mutum ɗaya ihu ne." Wai waƙar makiyayan duwatsunsu ce da suka gada tun kakanni, kuma dole sai da mai riƙewa.

Na ajiye diga na ce ya gwada ni.

"Kai da ko kiran salla ba a ba ka?" in ji leburan nan.

Na ja muryar. Ta fito kamar ta ɗan maraƙi, amma na riƙe. Sai na ji ta dogon ta sauko kan tawa tana rawa, har haƙorana na amsawa. Ƙirjina ya ɗau zafi, idona ya fara duhu, na ƙi saki, don na san ina saki ya koma shi kaɗai.

Ƙarshe sai ga ni zaune cikin rami, ban san sanda na faɗa ba. Ya leƙo, idonsa jajir, ya ce, "Gobe kuma." Sannan ya janye kwanon shinkafarsa daga gabanmu ya hau ci.