Ga Likita Nan

Wata rana da tsakar rana, wani dattijo ya shiga wani ƙaramin gidan abinci a bakin titi a jihar Ohio ta Amurka, ya zauna a teburin da ke kallon ƙofa.

Duk inda ya je, irin wannan teburin yake nema. Ko Allah zai sa wani ya shigo ya gane shi.

Sunansa Vernon Haskell. Ɗan wasan kwaikwayo ne.

Shekara goma sha huɗu ya yi yana fitowa a wani shirin talabijin mai dogon zango, a matsayin Dokta Tolliver, babban likitan sashen gaggawa. Farar riga, murya mai sanyaya rai, hannu ba ya rawa. Duk ranar Talata sai ya ceto rai a gaban miliyoyin masu kallo.

A lokacin, buhu-buhu ake kawo masa wasiƙu. Mata na rubuto masa ciwon mazajensu suna neman shawara. Har akwai wanda ya aiko masa da hoton ƙirjinsa da aka ɗauka a asibiti, wai ya duba masa.

Sai shirin ya ƙare.

Ya yi finafinai uku, babu wanda ya yi kasuwa. Ya fito a alƙali sau biyu, ya fito a gawa sau ɗaya. Daga nan sai tallan maganin ciwon gwiwa. Daga nan kuma sai aka daina kiransa.

Rabon da wani baƙo ya tare shi a hanya ya ce, "Ba kai ba ne...?", shekara shida ke nan. Yana sane da lissafin.

A teburin da ke kusa da nasa, wasu tsofaffin mata da miji suna cin abinci suna tsiyarsu ta sabo.

"Clyde, ajiye gishirin nan."

"Haba Loretta. Shekara arba'in da ɗaya kina gadin gishiri. Da gwamnati ta san da ke, ai da bakin iyaka ta kai ki."

"Ba don gadin nawa ba, da tuni ka koma busasshen kifi, tsoho."

Clyde ya tuntsire da dariya.

Dariyar ta yanke a tsakiya. Cokali ya suɓuce masa. Ya sulale daga kan kujera ya zube a ƙasa.

Loretta ta ƙwalla ƙara. Wuri ya yamutse.

Matar da ke kawo abinci, wadda tun shigowar Vernon take satar kallonsa tana neman inda ta san fuskar, sai a lokacin ta tuna. Ta nuna shi da yatsa.

"Dokta Tolliver! Na rantse shi ne! Ku ba shi hanya, ga likita nan!"

Ita ta san a talabijin ta san shi. Sauran mutanen kalma ɗaya kawai suka ji.

Likita.

Vernon ya samu lokacin da zai yi magana. Bai fi numfashi biyu ba, amma ya samu. Maganar ma ta zo har bakinsa: ni ba likita ba ne.

Sai ya ga fuskoki sun kai ashirin, duk shi suke kallo. Irin kallon da ya yi shekara shida yana jira a teburin da ke kallon ƙofa.

Ya miƙe.

Ya durƙusa gefen Clyde. Ya ɗora yatsu biyu a wuyansa, ya dubi agogon hannunsa. Ya ce, "Ku ja da baya, ku bar shi ya sha iska." Shi kansa ya yi mamakin yadda tsohuwar muryar ta dawo, ko gargada babu.

Mutane suka ja da baya. Hankalinsu ya kwanta.

Ya ɗora tafin hannu a kan tafin hannu, ya fara danna ƙirjin Clyde yana ƙirgawa a fili. Ya yi wannan a gaban kyamara ya fi sau ɗari uku.

Ga abin da masu kallo ba su sani ba.

A fim, wanda ke kwance lafiyarsa ƙalau. Ɗan wasa ne kamarka, gobe ma zai zo aiki. In ka danna masa ƙirji da gaske, sai ka karya masa haƙarƙari. Saboda haka tun ranar farko ake koya maka: ka lanƙwasa gwiwar hannu, kafaɗunka su yi ta sama da ƙasa, amma kada nauyinka ya sauka a kansa.

A ido, aiki ne na ƙwararre. A ƙirji, shafa ce.

Haka hannun Vernon ya saba, haka kuma ya yi.

Akwai kuma abu na biyu. A duk shekarun nan goma sha huɗu, ba a taɓa rubuta wa Dokta Tolliver ya ce "a kira motar asibiti" ba. Me zai kira? Duk wasan a cikin asibiti ake yinsa.

Bai faɗa ba. Ba wanda ya kira. Kowa ya ɗauka an wuce wannan matakin, tunda ga likita.

Minti uku.

Leɓen Clyde ya fara canza launi. Vernon ya gani. A wurin ɗaukar fim, a daidai nan mara lafiya yake yin tari ya buɗe ido, darakta ya ce a yanke.

Minti shida.

Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Yanzu ya san ya kamata ya faɗi gaskiya. Amma duk mintin da ya wuce, faɗar tana ƙara nauyi. Sai ya ƙara ɗaga murya wajen ƙirgawa.

A minti na tara wata nas ta shigo sayen abincin rana, da kayan aikinta a jiki. Ta kutsa cikin mutane.

"Motar asibiti fa? Tun yaushe aka kira?"



Wani daga baya ya ce, "Ai ga likita nan."

Ta dubi hannun Vernon sau ɗaya. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta ture shi gefe, ta miƙar da hannuwanta, ta sauke dukkan nauyinta a ƙirjin Clyde. Har bakin ƙofa aka ji ƙarar haƙarƙari.

"Kai mai jar riga! Kira motar asibiti! Yanzu!"

Cikin minti biyar motar ta iso. Ashe asibitin ma babu nisa.

Vernon ya bi su a motarsa. Ya zauna a benci a farfajiyar sashen gaggawa. Ma'aikata na ta wucewa, ba wanda ya kula shi.

Wajen la'asar Loretta ta fito, riƙe da wata leda. Takalman Clyde ne a ciki, da tabaransa.

Tana ganinsa ta nufo shi. Ta kama hannuwansa biyu.

"Likita. Har nan ka biyo mu? Ya tafi. Amma na gode. Zan gaya wa 'ya'yanmu babansu bai mutu a wulaƙance ba, da likita a kansa tun daga faɗuwarsa."

Da ya sunkuyar da kai ya yi shiru, da shi ke nan. Wannan ma fitowa ce da ya iya.

Ya ce, "Baiwar Allah, ni ba likita ba ne."

Ta dube shi.

"Ɗan wasa ne ni. A talabijin nake fitowa a likita. Ban taɓa duba mara lafiya ba a rayuwata."

Ba ta yi ihu ba. Ba ta zage shi ba. Ta dai saki hannuwansa a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Wayata tana hannuna lokacin. Lambobi uku kacal ake dannawa a kira motar asibiti. Na danna biyu."

Ta gyara riƙon ledar.

"Sai na ji an ce ga likita nan. Na mayar da ita jaka."

Vernon ya ce, "Da an kira a lokacin, da zai..."

"Na tambayi likitocin. Sun ce ba su sani ba." Ta juya za ta tafi, ta ɗan tsaya. "Su da suka karanta, ka ji, sun iya cewa ba su sani ba."

Ta fice, ledar na bugun gwiwarta.

Darasi:

Rai na Allah ne, kuma ba mai ƙara wa wani kwana. Wataƙila ko an kira motar a minti na farko, Clyde ba zai tashi ba. Amma matarsa za ta ƙarasa rayuwarta ba ta san amsar ba, saboda mutum ɗaya ya ji daɗin a kira shi da sunan da ba nasa ba.

Vernon ba mugu ba ne. Kewar kallo ce ta kama shi, ya kasa faɗin "ban sani ba" a lokacin da faɗar take da amfani. Ya zo ya faɗi gaskiya bayan an zuba takalman mutum a leda.

Mu ma nan muna da su. Wanda ya iya magana a waya, sai mu kai masa ciwon mahaifiyarmu. Wanda ya yi suna a waƙa, sai mu tambaye shi fatawa. Shi kuma kunya ta hana shi cewa ba fanninsa ba ne, sai ya amsa.

In an kira ka da abin da ba kai ba, ka gyara tun kafin a ba ka hanya. In kuma kai ne a tsaye waya a hannu, ka ƙarasa danna lambar, ko wa aka ce yana wurin.

Wannan labarin, ka tura wa mutumin nan na gidanku da ake tambaya komai kuma bai taɓa rasa amsa ba. Kada ka ƙara masa ko kalma ɗaya.