Wanda Ya Tare Mini Iska

A shagon wani Ibo mai sayar da kayan keke a nan Daura akwai talabijin. In damina ta faɗi yakan kamo mana tseren keken Turawa, wanda ake kwashe makonni ana yi, yau kan dutse, gobe a fili. Bayan la'asar mukan zauna a benci muna jera gwanaye. Wani ya ce mai hawan dutse ne na ɗaya, wani ya ce a'a, wanda bai taɓa gazawa ko rana guda ba. Ni kuwa idona na kan waɗanda ke shiga gaba suna tare wa ubangidansu iska, in an kusa isowa su kauce, a manta da su.

Muna samari mu ma mun yi namu. Bayan girbi mukan tashi daga Kusugu zuwa Baure, mu kwana, mu dawo, washegari mu nufi Kongolam. Wanda ya fi yawan riga kowa isa masauki shi ne gwani. Ina da aboki mai faci, ƙato mai faɗin kafaɗa. Shi ke shiga gabana, ni in maƙale a bayan tayarsa, inda iska ba ta dukana. Yakan waiwayo ya ce, "Kai ɗan tsurut, adana numfashinka, da sauran tafiya." Da an hango gari sai in zame in wuce shi.

Ranar da manya suka zauna jera mu, ni aka sa farko. Shi aka ce ai jakin hanya ne, ba ya cikin lissafi. Aka yi dariya, har da ni. Yana tsugune yana liƙe wata taya, bai ɗago ba. Har ya rasu bai ta da zancen ba. Yau ma in mota ta bi da ni hanyar Baure, nakan hango bayan rigarsa jiƙe da gumi, in ƙyafta ido, ba kowa.

Bara ɗansa, wanda shi ma furfura ta fara fito masa, ya zauna kusa da ni a shagon.

"Baba, an ce a zamaninku kai ne na ɗaya. Mahaifina fa, na nawa ne? Yara na tambayata, na rasa amsa."

Na ce, "Shi ne na ɗaya. Ba don shi ba, ko Baure ba zan kai ba."

Mai shago ya tuntsire da dariya. "Haba Baba! Kowa ya mutu sai ya zama gwani?"

Na waiga neman mai shaida. Duk waɗanda muka hau hanyar nan tare sun riga mu gidan gaskiya.

Ɗan ya riƙe hannuna ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Baba. Na san kara kake yi mana." Ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa. "Zan ce musu dai ya iya faci."